Kowa ya san dajin da yake kwana, to me ya hana a kama shi?

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a ƙasar Shinkafi. Muna jin an ce ana neman wane ruwa a jallo, har an sa ladan miliyoyi a kansa, amma ga shi yana sakin bidiyo, yana waya da mutane, yaran ƙauye ma sun san dajin da yake kwana. Wai shin yaya jami'an tsaro suke bin sawun wanda ake nema har su kama shi? Kuma me ya sa abin yake yiwuwa a wasu wurare, amma a nan Zamfara ya gagara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye mana wannan masifa, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Tambayarka biyu ce a haɗe: yadda ake farautar wanda ake nema, da kuma dalilin da ya sa dabarun da suke cin wasu ba sa cin kachallolin dajinmu. Zan amsa maka da abin da na gani a aikin ɗan sanda, wanda mafi yawansa a sashen binciken manyan laifuka na yi shi kafin in ajiye kaki. Ni mai bincike ne, ba soja ba, saboda haka a kan bincike zan fi zama. Akwai kuma wasu dabarun da ba zan warware su filla-filla ba, don ba mu kaɗai ke karatu a waya ba.

Abu na farko, waɗanda ake nema iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke rikita mutane. Akwai mai ɓuya, wanda ya yi laifi ya sauya gari, ya sauya suna, ya shige cikin jama'a. Shi wahalarsa ita ce a gano inda yake; da an gano, mutum biyar sun isa su ɗauko shi. Akwai kuma wanda ba ɓuya yake yi ba, riƙe yake da ƙasa, yana da daba da yara masu bindiga da ƙauyukan da suke ƙarƙashin tsoronsa. Shi kam sanin inda yake ba komai ba ne, isa gare shi ne aikin. Bello Turji da ire-irensa a kashi na biyu suke.

Me ake nufi da "ana nema ruwa a jallo"

A ƙa'ida, ba a fara da shela. Ana fara da fayil, a tara shaida, a samo takardar izinin kamu daga kotu, a yi ta nema a ɓoye. Sai abin ya ci tura ake buga hoto da suna, domin ranar da ka yi shela ka kuma sanar da shi cewa ana biye da shi. Amfanin shelar shi ne ta mayar da idon jama'a idon hukuma. Hukumar FBI ta Amurka ta fara fitar da jerin mutum goma da ta fi nema a watan Maris na 1950. Daga lokacin zuwa yau sama da mutum 500 sun shiga jerin, an samu mafi yawansu, kuma sama da 160 da bayanin jama'a aka same su.

Mu ma muna yi. A watan Nuwamban 2022 Hedikwatar Tsaro ta fitar da sunaye 19, ta sa ladan naira miliyan 5 a kan kowane, cikinsu har da Turji da Halilu Sububu da Ado Aleru. A watan Maris na 2024 ta sake fitar da sunaye 97 daga sassan ƙasar. Sai dai ka duba bambancin. Ba'amurken da ya ga hoto ya buga waya, zai koma gidansa ya yi barci. Manomin da ke gefen dajin Shinkafi ko Zurmi, in ya faɗa, gobe da safe yaran mutumin da ya tona ne za su wuce ta bakin gonarsa, kuma babu jami'in da zai kwana a ƙofar gidansa. Miliyan 5 ba ta sayen ran mutum da na iyalinsa. Akwai ƙauyukan da harajin noman da aka ɗora musu ya fi wannan ladan nesa ba kusa ba.

Ba mutumin ake bi ba, buƙatunsa ake bi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne fina-finai suke yaudarar mutane. Mai bincike ba ya tashi ya ce bari in je in nemo wane. Zama yake yi ya rubuta rayuwar mutumin gaba ɗaya: wace ce mahaifiyarsa, tana raye ko ta rasu, mata nawa gare shi, wacce ya fi so, wane ne amininsa na ƙuruciya, wace cuta ke damunsa, me yake sha, wa ke riƙe masa kuɗi, wa ya taɓa cuta har aka riƙe shi a zuci. Mutum yana iya sauya suna da kaya da layin waya a yini ɗaya. Amma ba ya iya sauya uwa, ba ya iya sauya ciwonsa, kuma halinsa yana nan.

Dubi Matteo Messina Denaro, babban ɗan mafiyar Italiya. Tun 1993 ake nemansa, shekara talatin babu ko sabon hotonsa. Daga baya masu bincike suka fahimci daga wajen danginsa cewa yana fama da ciwon daji. Sai suka koma kan bayanan marasa lafiya, suna tace maza masu shekarunsa da irin wannan ciwo a yankinsa, har suka tsaya a kan wani suna da bai dace da mai shi ba. A watan Janairun 2023 aka kama shi a wani asibitin kuɗi a Palermo, ya je karɓar magani. Haka Félicien Kabuga, attajirin da ake zargi da ɗaukar nauyin kisan kiyashin Ruwanda na 1994; a 2020 aka same shi a wani gida kusa da Paris, ta hanyar lura da inda 'ya'yansa suke yawan zuwa. Usama bin Laden ma ta kan ɗan aikensa aka kai ga gidan Abbottabad a 2011.

Abin da na gani da idona bai saɓa da wannan ba, ƙanƙantarsa ce kawai ta bambanta. Akwai wani da muka nema kan kisan kai, ya tsallaka Nijar, labarinsa ya ɗauke ɗif. Ba mu taɓa mahaifiyarsa ba, ba mu ma nuna mun san gidan ba. Abin da muka lura shi ne, tsohuwar da ba ta da mai ba ta, kullum bayan cin kasuwa sai a ga cefane ya shiga gidanta. Direba ɗaya ne yake kawo saƙon. Shi ma ba mu kama shi ba, muka bar shi yana ta zirga-zirgarsa har muka san daga hannun wa yake karɓa. Da rasuwa ta faɗa a danginsu, mutumin ya lallaɓo gaisuwa da dare, ya tarar ana jiransa. Sallah da suna da biki da rasuwa sun ba mu mutane fiye da yadda kowace na'ura ta ba mu.

Wannan aiki haƙuri yake so, shi ya sa ba ya jituwa da matsin lamba daga sama. In aka ce lallai a kawo sakamako cikin mako guda, sai jami'i ya je ya kwaso direban da tsohuwar da maƙwabta, zaren ya tsinke, mai laifin ya ƙara nisa.

Maganar waya

Na san nan hankalinka ya fi karkata, don kowa tambayarsa ke nan: ai yana waya, me ya sa ba a bi layin ba? Gaskiya ne waya tana barin sawu. Kamfanin sadarwa yana da bayanin wanda aka kira, da lokacin, da ƙarfen sabis ɗin da kiran ya bi ta kansa. Ita kanta wayar tana da lambarta daban da ta layi, don haka sauya layi kaɗai ba ya ɓatar da mutum. Abin da ya fi wannan amfani ma shi ne jerin waɗanda yake kira: in sabuwar lamba ta fito tana kiran mutanen da tsohuwar ta saba kira, an san mai ita. Pablo Escobar, babban dillalin miyagun ƙwayoyi na Kolombiya, kiran da ya yi wa iyalinsa ya daɗe a kai ne ya nuna gidan da yake a Medellín a watan Disambar 1993. Evans, mai garkuwa da attajirai a Legas, wanda aka sa wa ladan naira miliyan 30, a gidansa na Magodo rundunar 'yan sanda ta musamman mai suna IRT ta kama shi a watan Yunin 2017 bayan doguwar bibiya.

To amma duk waɗannan a birni ne. A birni ƙarafunan sabis suna kusa da juna, ana iya matse wuri har ya dawo unguwa ɗaya ko layi ɗaya. A daji ƙarfe guda yana ɗaukar fili mai faɗin gaske, abin da zai nuna maka shi ne mutumin yana wani wuri a yammacin gari kaza, wanda dama mai tallan fura ta san haka. Ga shi da wayar wanda suka sace suke kiran 'yan uwansa, su hau tudu su yi magana su sauka su bar wurin. An fara tilasta haɗa layi da lambar NIN tun Disambar 2020, amma layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah da aka ƙwace wa waya, mai shi zai nuna maka, ba mai riƙe da shi ba. A bakin iyaka kuma sabis ɗin Nijar yana shigowa. Sannan akwai lokaci: bayanin da ya iso hannun mai bincike bayan kwana biyu yana da amfani a kotu, amma ba ya kama mai babur.

Ka tuna watan Satumbar 2021, da aka katse sadarwa a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Tunanin da ke bayan matakin daidai ne, wato a toshe musu buƙatunsu. Ya kuma matse su na ɗan lokaci. Amma ya toshe bakin mutanen ƙauye su ma, aka riƙa kai hari babu mai iya kiran agaji, kuma hanyar da hukuma take saurarensu ta rufe. A ganina irin wannan mataki ba ya biya sai in akwai ƙafar soja da za ta shiga dajin a daidai lokacin ta kuma zauna.

Sanin wuri daban, isa gare shi daban

A ce yau an tabbatar kachalla yana dabarsa a dajin Sububu ko Dumburum ko Munhaye. Kafin mota ta bar kwalta, labari ya riga ta, domin a kowace mahaɗa akwai mai ido: wani don kuɗi, wani don tsoro, wani don ɗansa yana hannunsu. Hanyar ta babur ce, da damina kuwa rafuka sun cika. A cikin dabar akwai mutanen da aka sace, akwai mata da yara. Wannan ya tashi daga kamu ya koma yaƙi, shi ya sa aikin yake hannun rundunar soja, wadda a da ake kira Hadarin Daji, daga baya aka mayar da ita Fansan Yamma.

Sai a ce to a jefa bam daga sama. Jirgi yana da amfani, ya kuma kashe da dama daga cikinsu. Amma jirgi yana ganin taron mutane da babura ne, ba ya ganin zuciya, kuma in bayanin da aka ba shi daga ƙasa ya gurɓace, talaka ne ke biya. Mutanen Mutumji a ƙasar Ɗansadau sun ga haka a Disambar 2022, na Tungar Kara ma sun gani a Janairun 2025, inda waɗanda suka fito kare garinsu suka shiga cikin mamatan. Bayan rayukan da aka yi asara, duk irin wannan kuskure yana rufe bakin mutum ɗari da da za su kawo labari.

Ka duba yadda manyansu suka faɗi a zahiri, za ka ga abin da nake nufi. Buharin Daji, a watan Maris na 2018, Dogo Giɗe ne ya kashe shi, mutumin da suka san juna ciki da bai. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya tuba ya miƙa bindigogi, ya koma daji, a watan Afrilun 2021 wata dabar ta harbe shi. Halilu Sububu kuwa a Satumbar 2024 sojoji suka yi masa kwanton ɓauna a wajajen Mayanci, yana kan hanya. Wato ko dai daga cikin gida aka ci su, ko kuwa an san ranar da za su fito da hanyar da za su bi. Ai da ɗan gari akan ci gari. Kwanton ɓauna ba ya yiwuwa sai wani ya san tafiyar tun kafin a tashi, ya kuma yarda da wanda zai gaya wa.

Inda ɓarakar take

Wannan yarda ita ce muka rasa, kuma ba zan ɓoye maka ba, wani ɓangare na laifin daga gidan masu kaki yake. Tsohon ciwo ne. Lawrence Anini, ɗan fashi da makami, ya addabi birnin Benin na Najeriya a 1986 har Janar Babangida ya tambayi Sufeto Janar na lokacin ina Anini yake. Da aka kama shi a watan Disamba, sai ga shi wani babban ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba Anini da yaransa labari da makamai; shi ma hukuncin kisa aka yanke masa. Kabiru Sokoto, na harin cocin Madalla, an kama shi a Janairun 2012, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda a Abaji, sai a watan Fabrairu aka sake kama shi a Mutum Biyu ta jihar Taraba. A Agustan 2019 'yan sandan IRT sun kamo Hamisu Wadume, wanda ake zargi da garkuwa da mutane, a Ibi ta jihar Taraba, sojoji suka buɗe wa motarsu wuta a hanya, 'yan sanda uku suka mutu, shi kuma ya tsere, sai bayan kusan mako biyu aka same shi a Hotoro cikin Kano. Kowace hukuma tana riƙe bayaninta kamar dukiyar gado, wani lokaci don kishi, wani lokaci don tsoron kada ya zube a hanya.

Sai kuma saƙon da shugabanni suke aikawa. Rundunar 'yan sandan Katsina ta sa lada a kan Ado Aleru tun 2020. A watan Yulin 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji da rana tsaka, a gaban jama'a, har gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Ka sa kanka a matsayin mutumin ƙauye da ya ga wannan. Yau ana neman mutum, gobe ana zaman sulhu da shi, jiha ɗaya tana yaƙi, maƙwabciyarta tana sasanci. Wa zai sayar da ransa ya tona wanda watakila jibi shi ne babban baƙo a wajen taro? Ba ina cewa magana da su haramun ba ce, wani lokaci da ita ake ceto rayuka, kuma mai bincike yana tsintar abubuwa da yawa a irin wannan zama. Amma a tsaya a kan magana ɗaya.

Iyaka ma tana ba su numfashi, daga Zurmi da Shinkafi zuwa Maraɗi, ko ta Kamba da Bagudo a Kebbi zuwa Nijar da Benin. Mutane suna jin an ce Interpol sai su ɗauka wata runduna ce mai zuwa ta kama mutum. Ba ta da ikon kama kowa. Jan sammacinta roƙo ne ga ƙasashe su tsare wanda ake nema, 'yan sandan ƙasar ne ke kamun. Yana aiki ga mai bin filin jirgi da otal da banki. Abdulrashid Maina, wanda ake tuhuma kan kuɗin fansho, da ya tsallake beli, a Yamai aka kama shi a ƙarshen 2020 aka dawo da shi. Mai tsallaka iyaka a kan babur ta cikin gona kuwa, sai dai fahimtar juna tsakanin jami'an ɓangarorin biyu, wadda ta yi sanyi tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Kamu da rai ya fi gawa amfani

Na san zuciyar wanda aka kashe wa uba ko aka sace wa 'ya ba kotu take so ba. Ban ga laifinsa ba. Amma a matsayina na mai bincike, kachalla ɗaya a hannu da ransa ya fi mini goma a kwance. Gawa ba ta faɗin wanda ya sayar mata da harsashi, ko wanda yake karɓar shanun sata ya kai kasuwa, ko asusun da kuɗin fansa suke kwana, ko likitan da ke zuwa ɗinke rauni. In aka kashe shi, ƙaninsa ko yaronsa ya gaji dabar da duk waɗannan hanyoyi a buɗe. Shi ya sa na ɗauki gurfanar da wasu da ake zargi da yi wa Turji hidima a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a Disambar 2024 da muhimmanci, ko da bai yi amo kamar labarin kisa ba. Masu kai mai da abinci da ƙwaya da kakin soja a gari suke kwana, su kashi na farko ne, dabarun da na lissafa a sama duk suna cinsu.

Kamu kuma sai ya bi doka, ba don tausayin mai laifi ba, don kada shari'ar ta rushe. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa ko mata don ɗa ko miji ya fito. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, kuma furucin da aka samu da duka lauya mai wayo zai wargaza shi a gaban alƙali. Sau da yawa in kuka ga an saki wanda kowa ya san ɓarawo ne, ba lallai cin hanci ba ne. Shaidu ne suka ƙi zuwa don tsoro. Akwai dokar kare shaidu ta 2022, amma mutumin ƙauye bai gan ta a ƙasa ba tukuna. Haka nan abin da wasu 'yan sa-kai suke yi, na yanka wanda aka ce infoma ne a tsakar kasuwa, ban da zaluncin da ke ciki in an yi kuskure, yana binne duk abin da mutumin ya sani, yana kuma tura danginsa daji.

Kai kuma, Malam, in Allah ya sa wani bayani ya zo hannunka, kada ka faɗe shi a majalisa ko a dandalin WhatsApp na gari, kada kuma ka rubuta a Facebook. Ka zaɓi jami'i ɗaya da ka san halinsa, in da hali wanda ba a garinku yake aiki ba, ka gaya masa baki da baki, kada ka bi ta hannun ɗan tsakiya. Abin da ke da amfani shi ne takamaimai: rana, lokaci, hanya, babura nawa, wa ke kai musu kaya, a wace kasuwa. Ka rarrabe masa abin da ka gani da idonka da wanda ka ji a bakin wani. Kada ka je leƙen asiri da kanka, kada ka aiki ɗalibanka, kuma in bayanin irin wanda kai kaɗai ka sani ne har za a gane daga inda ya fito, ka fara fitar da iyalinka daga garin kafin ka buɗe baki.